Idon Hagu, Hannun Dama: Amsar Tambayarka Kan Harbin 'Yarmu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarku da ta yi yawa. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da jin cewa 'yarmu ta shiga kulob ɗin wasan harbi. Allah ya sa mu gan ta a kan dandamalin karɓar lambar yabo.

Sai dai na ga ranka ya ɗan sosu da maganar kocinta. Ka ce ya dube ta a mako na farko ya ce idonta na hagu ne mai rinjaye, don haka ta mayar da bindiga kafaɗar hagu, alhali yarinya tun tana rarrafe da dama take komai. Har kana tambayata ko mutumin ya san aikinsa. Ya sani, Malam. Ni ma da ni ne a wurin abin da zan fara dubawa ke nan, tun kafin in ba ta harsashi ko ɗaya.

Kowane mutum mai ido biyu, akwai wanda ƙwaƙwalwarsa ta fi dogara da shi wajen gane inda abu yake. Ba lallai ne ya zama shi ya fi gani tangaran ba. Likita na iya gwada ka ya ce idon dama ya fi ƙarfi, amma in aka zo nuna abu, na hagu ne ke jan ragama. Kusan mutum tara cikin goma da hannun dama suke aiki, amma waɗanda idon dama ke rinjaye a wurinsu ba su wuce bakwai cikin goma ba. Ka ga dole a samu jama'a da yawa da hannu ke gefe guda ido na ɗaya gefen. Yawancinsu har su tsufa ba su sani ba, don babu abin da zai tona musu asiri. Wasan harbi da na kwari da baka su ne ke tonawa.

Gwada da kanka yanzu, kafin ka ci gaba da karatu. Miƙe hannuwanka biyu gaba, ka haɗa tafukan ka bar 'yar kafa a tsakani. Da ido biyu a buɗe, saka wani abu mai nisa a cikin kafar, ko agogon bango ko mariƙin ƙofa. To rufe idon hagu. In abin yana nan daram, dama ce ke mulki. In ya yi tsalle ya ɓuya bayan hannunka, hagu ce. Wata hanyar da na fi so da yara ita ce a huda kati a tsakiya, yaro ya leƙa abu ta hudar sannan ya janyo katin a hankali zuwa fuskarsa. Katin da kansa zai tafi wurin idon da ke aiki, kuma yaro ba ya samun damar ba ka amsar da yake zaton kana so. Abin ba sabo ba ne. Wani masani ɗan Italiya, Giambattista della Porta, ya yi bayanin irin wannan gwaji tun 1593. A maimaita mata a ranaku daban-daban, domin akwai waɗanda rinjayen nasu ba shi da ƙarfi, gajiya kaɗai na iya juya shi.

Yanzu ga inda ɓarnar take. Tsakanin ƙwayar ido da 'yar'uwarta akwai kamar santimita 6 da ɗoriya. Ƙanƙanin abu ne, amma ka lissafa. Mai harbi ya ɗora bindiga a kafaɗar dama, kuncinsa a kan ƙota, wato gindin bindigar da ake jinginawa a kafaɗa, idon dama na bisa hancin bindiga. Sai idon hagu ya ƙwace aiki ba da saninsa ba, ya jera bakin bindiga da abin hari. Gindin bindiga na dama, bakinta ya karkata hagu. In daga ido zuwa bakin bindiga bai kai mita ɗaya ba, abin hari kuma yana mita 30, harbin zai kauce hagu da wajen mita biyu. Shi kuwa mai harbin zai rantse maka ya saita daidai, kuma ba ƙarya yake ba, abin da ya gani ke nan.

Na taɓa tsayawa bayan wani yaro sabon shiga ina kallonsa. Ya ɗauki bindigar iska da dama, ya sa kunci, sai na ga kansa yana ta gangarawa a kan ƙotar, wuya ya lanƙwashe, kunne ya kusa taɓa kafaɗa, yana ƙoƙarin kai idon hagu ga ramin saiti. Ba wanda ya koya masa haka, jikinsa ne ke neman idon da ya yarda da shi. Da kai ya karkace haka tsayuwa ta lalace, don ma'aunin daidaiton jiki a cikin kunne yake, mutum sai ya riƙa layi kaɗan-kaɗan. A gasar doguwar bindigar iska ta mita 10 kuwa, ɗigon da ke ba da maki goma faɗinsa rabin milimita ne, harsashin milimita 4.5, kuma harbi 60 za ka yi a tsaye. Ina wurin layi a nan?

Amma ba ka faɗa mini wane fanni ta fi karkata ba, kuma amsar ta danganta da hakan.

In ƙaramar bindiga ce ta hannu ɗaya, abin da sauƙi. Babu ƙota a kafaɗa da za ta ɗaure kai wuri guda, don haka ta riƙe da dama, ta ɗan gyara tsayuwar ƙafafu da juyin kai har saiti ya zo gaban idon hagu. Mutane da yawa haka suke yi.

In doguwar bindiga ce a kan abin hari da ba ya motsi, tana da zaɓi. Tana iya zama a dama ta sa ɗan mayafi gaban idon hagu. Dokokin hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, sun yarda da shi muddin faɗinsa bai wuce milimita 30 ba. Ka lura, fari mai barin haske ya wuce ya fi baƙi. Kuma don Allah ka hana ta runtse ido. Na san shi ne abin da kowa ke fara yi, amma da ka kanne ido ɗaya ƙwayar ɗayan sai ta ƙara buɗewa, saiti ya rage fitowa sarai, naman fuska ya gaji, kafin a kai rabin gasa ido na ruwa. Dokar ma ta ba da damar wata na'ura mai madubi ga wanda ke harbi daga kafaɗar dama da idon hagu, da sharaɗin ba ta ƙara girman abu. Ni dai ban cika son ta ga mai koyo ba, ƙarin kaya ne da ƙarin abin kwancewa.

In kuwa harbin faifan yumɓu ne da ake cillawa sama, to nan ba na jayayya da koci ko kaɗan. Faifan faɗinsa santimita 11 ne, yana fita da gudu kamar na mota a babban titi, kuma ba saita shi ake yi ba, bin sa ake da ido biyu, bindiga ta bi kallo. Ido biyun nan su ke gaya maka nisa da sauri. Wasu suna manna ɗan guntun salatif mai duhu-duhu a gilashin tabarau, daidai inda zai kare bakin bindiga daga idon hagu ya bar sauran fili a buɗe, kuma yana aiki. A Ingila ma maƙera sun daɗe suna yin ƙota mai lanƙwasa wadda ke zama a kafaɗar dama ta kawo hancin bindiga ƙarƙashin idon hagu, sai dai wannan ta manya ce da suka riga suka saba, ko waɗanda idon dama ya samu matsala. Yarinyar da ba ta riga ta saba da komai ba, me zai sa a fara mata da faci?

Abin da nake so ka riƙe shi ne hannu yana jin horo fiye da ido. Ka san labarin Károly Takács na ƙasar Hungari? Soja ne gwanin ƙaramar bindiga, a 1938 gurneti ya fashe ya lalata masa hannun dama. Ya koma ya koya wa hagu, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952, duka a harbin sauri na mita 25. Babban mutum ke nan da ya riga ya ƙware da dama. 'Yarmu kuwa abin da ake nema daga hannunta na hagu bai wuce yatsa ɗaya ya matsa kunama a hankali ba. Har ma tana da riba: hannunta mai ƙarfi zai koma gaba, shi zai tallafi bindiga ya juya ta. Makonnin farko za ta ji abin banbaraƙwai, makinta zai faɗi, wataƙila har da hawaye. Ta riƙa ɗaga bindiga ba harsashi kullum, a ƙarƙashin idon koci, har kafaɗar ta karɓa. Ka dai tambaya ko kulob ɗin na da bindiga da rigar harbi ta bahago, don wannan ce matsalar da ke hana wasu sauyawa.

Na san za ka kawo mini Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda hotonsa ya zaga duniya a gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, hannu a aljihu, ido biyu a buɗe, ba mayafi ba komai, ya kuma tafi da azurfa shi da abokiyar wasansa. A wannan gasar dai Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu ta ci tata azurfar sanye da tabarau na musamman mai mayafi a ido ɗaya. Kowannensu ya yi shekaru yana gwaji kafin ya tsaya kan abin da ya dace da idonsa, kuma dukansu ƙaramar bindiga suke riƙewa, inda abin ya fi sassauci.

Kafin a yanke hukunci ka kai ta wurin likitan ido. In ya zamana idon hagun nan mai rinjaye shi ne kuma mai rauni, ko yana buƙatar gilashi, lissafin zai canza. In duka biyun lafiya suke, ka bar koci ya yi aikinsa, kai kuma ka daina tsayawa a bayanta kana girgiza kai, na san halinka.

Ka rubuto mini fannin da ta zaɓa da abin da gwajin kati ya nuna, har da naka. Ka gaishe da uwargida da kyau, ka shafa mini kan ƙananan.

Naka har kullum,
Amininka