Wasiƙa zuwa ga abokina a Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da duk jama'ar zango. Mu nan Zariya lafiya lau, damina ta zauna sosai, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Na yi murna ƙwarai da jin cewa jama'a sun ɗora maka shugabancin kwamitin masallacinku, Allah ya taya ka riƙo. Amma na ga damuwa a cikin maganarka: ka ce ba a tashi taro sai da ɓacin rai, dattawa na ganin su suka kafa masallacin, matasan da suka yi karatu na ganin su ke da ilimi, kuma kowace ƙabila na jin ita ce gaba. Tun da ka nemi shawarata, ga abin da nake gani. Wannan rigima ba ta rashin ilimi ba ce, ta rashin tawali'u ce.

Ka tuna hadisin Iyal bin Himar da Muslim ya rawaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ce Allah ya yi masa wahayi cewa mu yi tawali'u, har ya zamana wani bai yi wa wani alfahari ba, wani bai zalunci wani ba. Dubi yadda aka jera su. Alfahari ne ke fara shigowa, zalunci ya biyo shi. Duk wanda ya riga ya yarda a ransa cewa ya fi ka, ba zai ji nauyin katse maka magana ba, gobe kuma ba zai ji nauyin danne maka haƙƙi ba.

Mu Hausawa muna da wani kuskure a nan da yake ci mini rai. Mutum ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban mai kuɗi ko mai mulki yana ta "ranka ya daɗe", sai a ce wane akwai ladabi. Shi ɗin ne kuma zai fito ya daka wa mai ga-ruwa tsawa, ya kori almajiri daga ƙofar gidansa da zagi. Wannan fadanci ne. Idan kana son sanin mai tawali'u, dubi yadda yake yi da wanda ba ya tsoro kuma ba ya kwaɗayin komai a hannunsa. Ai da Annabi ya ce mai girman kai daidai da ƙwayar zarra a zuciya ba zai shiga Aljanna ba, wani ya tambaya game da mai son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka ka sa shaddarka mai aiki, ba laifi. Abin tsoro shi ne yaro ɗan shekara 20 ya faɗi gaskiya a taro, ka ƙi karɓa don shi ya faɗa.

Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona a layinmu. Wani alhaji da maƙwabcinsa mai facin taya sun daɗe ba sa ga maciji saboda kwata, ruwan gidan alhajin yana kwanciya a gindin katangar ɗayan. Mai unguwa ya yi sulhu har ya gaji. Wata safiya bayan ruwan dare, sai ga alhajin ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauko shebur, ya shiga kwatar da kansa yana kwashe taɓo, yaransa na tsaye suna kallo. Mai facin ya leƙo, ya tsaya jim, sai ya ce, "Haba Alhaji, kawo shebur ɗin nan." Daga ranar aka daina maganar. Yanzu tare suke tafiya sallar Asuba, kuma ban ga darajar alhajin ta ragu a idon kowa ba. Gaskiyar hadisin nan ke nan, cewa babu wanda zai ƙasƙantar da kai don Allah face Allah ya ɗaukaka shi.

Batun ƙabila kuwa, ka yi taka-tsantsan. Zango wuri ne da ya tara Bahaushe da Badagombe da Bamoshe da Bazabarme da Bafulatani a sahu ɗaya, kuma gorin asali ne ya fi saurin raba irin wannan sahu. Ka riƙa tuna musu da Abu Zarri, sahabi mai girma, wanda ya goranta wa wani da mahaifiyarsa, Annabi ya ce masa har yanzu akwai jahiliyya a tare da shi. Bayan shekaru, an same shi a Rabaza, wani ƙauye a gabashin Madina, sanye da tufa irin wadda ya sa wa bawansa. Ayar nan ta 13 a Suratul Hujurati ta riga ta yanke magana: an yi mu ƙabilu ne don mu san juna, mafi daraja shi ne mafi taƙawa.

Amma wa'azi kaɗai ba zai gyara taronku ba, kai za su kalla. Ka riga kowa yin sallama. Ran Juma'a a gan ka cikin masu shimfiɗa tabarmi. Idan dattijo ya yi fushi, kada ka aika a kira shi, ka taka har gidansa. Kuma kada ka ɗauka tawali'u shi ne yin shiru idan an taɓa kuɗin masallaci. Nan sai ka tsaya kai da fata, da murya mai taushi.

Ka rubuto mini yadda taronku na gaba ya kaya. Ka gaishe da Liman da su Hajiya, yara kuma a shafa mini kansu. Mutanen gida duk suna gaishe ka, suna tambayar ko za ka zo da Babbar Sallah.

Wassalamu alaikum.

Naka har kullum,
abokinka na Zariya