Zuwa ga 'yan uwa na waje, kan kuɗin karatun yaranmu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Ingila, Amurka, Saudiyya da duk inda neman halak ya kai ku, muna gaisuwa daga nan Legas. Ranar Lahadi bayan la'asar mun zauna a Agege kan asusun karatun nan, kuma gaskiya an ɗan ja, shi ya sa dattawa suka ce a rubuto muku ku ji inda aka kwana.

Wasu cewa suka yi tunda NELFUND, hukumar gwamnati mai ba ɗalibai bashin karatu, ta zo ai mu mun huta. Eh, tun Mayun 2024 aka fara cike fom ɗinta, bashi ne marar ruwa, su biya makaranta kai tsaye kuma su ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Madalla. Amma fa sai yaro ya riga ya samu gurbi a makarantar gwamnati, ga lambar JAMB ga NIN ga BVN, to wanda ubansa ya kasa biya masa NECO ta ina zai kai can? Nan ne yaranmu ke zubewa. Tunda aka hana acaba a manyan unguwannin Legas a 2022, ga cire tallafin mai a 2023, iyayen da ke ɗan aikawa gida hannunsu ya ɗaure, sai ka ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya biyo motar tumatir ya sauka kasuwar Mile 12 wai zai tara kuɗin JAMB ya koma, wallahi akwai wanda damina uku kenan yana dakon kwando, zancen komawa ma ya daina. 'Yan matan kuwa ko wannan damar ba su da ita, zaman gida ne kawai.

Don haka an tsaya a kan cewa kuɗinmu a matakin farko za su tafi: WAEC da NECO, fom ɗin JAMB, kuɗin motar zuwa santar jarrabawa, da kuɗin karɓar gurbi in an samu. Sai ɗan lesin na kwamfuta, don jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yi, yaro ya san amsa amma bai taɓa riƙe linzami ba.

Ba za a ba kowa kuɗi a hannu ba, ko kawun yaro ne, mun ga yadda ta kaya a baya. Mu za mu biya mu turo muku rasit. Kuma ba zancen ɗan wane, sakamako da halin gida za a duba.

Abin da muke roƙo shi ne kaɗan kaɗan duk wata, ya fi a jira watan azumi. Mai tsohuwar laftof da ya ajiye ya ba mai zuwa gida ya taho mana da ita. Ma'aji zai sa lambar asusu a gurup yau da dare in sha Allah. Allah ya saka da alheri, a gaida iyali.