Fatakenmu, ba dole sai burodi da shayi a ƙasar waje ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili domin 'yan'uwanmu fatake da ke tashi daga Legas zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, musamman lokacin baje kolin Canton na Afrilu da Oktoba, da masu kai marasa lafiya Indiya. Da yawa sukan yi mako biyu a kan burodi da shayi don tsoron alade. Wasu su cusa kilishi a jaka, alhali Sin da Japan da Koriya ta Kudu sun hana shiga da nama, a filin jirgi ake ƙwace shi.

A Guangzhou abu mafi sauƙi shi ne shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin Sin, suna da yawa a unguwar Xiaobei. Amma akwai wata ƙofa da ba a cika dubawa ba: abincin wuraren ibadar mabiya Buddha, irin wanda ake sayarwa a haikalin Dafo kusa da titin Beijing. Babu nama, babu kifi, da man tsirrai ake girki. Shinkafa ce da ganye da laimar kwaɗi da awara, ita dai awarar da muka sani, sai dai su har dafa ta suke yi a romo. Idan aka kawo abin da ya yi kama da naman agwagwa kada a firgita, da alkama ko waken suya ake yin sa. Ba sa sa albasa da tafarnuwa, shi ya sa harshenmu kan ji abincin salam. A tafi da ƙullin yaji.

Inda ake yin kuskure shi ne ɗauka cewa duk farantin ganye a kowane gidan abinci haka yake. A shagon gama-gari ana iya soya ganyen da kitsen alade, ko a tsiyaya masa giyar girki da suke kira liaojiu. A rubuta a waya da rubutun Sinanci cewa ba a son waɗannan biyun, a nuna wa mai hidima kafin a ɗora kasko. A Japan kuwa, ko a abincin haikali, shojin ryori, sai an tambaya, domin mirin da ake zaƙaƙa miya da shi giyar shinkafa ce.

Indiya ta fi sauƙi. Duk abincin leda mai ɗigon kore cikin murabba'i ba shi da nama. A wuraren ibadar mabiya addinin Sikh, kamar Bangla Sahib a Delhi, ana ciyar da kowa kyauta: a cire takalmi, a rufe kai, a zauna a ƙasa cikin sahu, a karɓi gurasa da hannu biyu, a zuba wa mutum miyar wake da shinkafa. A karɓi iya abin da za a cinye, ba a son ragowa. Abin da aka fara miƙa wa gunki a haikalin Hindu, wanda suke ce wa prasad, shi kam a ɗaga hannu cikin ladabi a wuce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da cin abinci a harabar ibadar ba, ya tambayi malaminsa tun yana gida, ko ya nemi shagon da aka rubuta wa Pure Veg, kusan kowace kasuwa akwai shi. Ruwan sha dai na gora, a duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba.

Mu ne naku,
Wasu masu karatu daga Agege, Legas