Wasiƙar godiya ga masu haɗa tagogin alminiyum na Badariya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan shagon haɗa tagogi da ƙofofin alminiyum da ke unguwar Badariya, tare da yaransa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, godiyar da na yi muku a zaure ce nake so in maimaita a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole.

Gidanmu tsoho ne. Marigayi mahaifinmu ya gina shi tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kafin a ba mu Jihar Kebbi a 1991. Katakon tagoginsa gara ta gama da shi, gilasan da suka fashe kuma kwali ne ya maye gurbinsu. Da hunturu ƙura, da damina feshi, sauron fadama kuwa ba ya jiran sallama. Da ni da ƙannena muka haɗa kuɗin canza su, wani wuri na fara tuntuɓa. Ta waya aka ce in faɗi adadi kawai, wai ai duk taga ƙafa huɗu-huɗu ce, wadda ba ta shiga ba birkila ya sassaƙe mata bango. Bangon da ya haura shekara talatin za a hau da guduma?

Kai kuwa, Malam, cewa ka yi ba ka yanka alminiyum a kan awon da ba kai ka yi ba. Ka zo da kanka da tef da littafi, kuka tsaya a zaure har aka sanar da matan gida suka kimtsa, sannan kuka shiga. Inna har yau tana yabon wannan ladabi.

Aikin awon ne ya fi burge ni. Kowace taga sai ka auna faɗinta a sama da tsakiya da ƙasa, tsayinta kuma a hagu da tsakiya da dama, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Ka ƙi aunawa daga jikin tsohon katako, sai da ka ɗan kankare filasta ka taɓo bulo. Daga abin da ka samu ka rage kamar santimita ɗaya, don taga ta zauna ba tare da an danna ta da ƙarfi ba, daga baya a cike ratar. Sannan ka ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, ka ce in awon biyu ya saɓa, ramin ya karkace ko da ido bai gani ba. A nan asirin tagar ɗakin Inna ya tonu: samanta ya fi ƙasanta faɗi da kusan inci guda. A milimita ka rubuta komai, faɗi kafin tsayi, ka sa wa kowace taga lamba da alli a bango. Cikin tagogin gidan nan kaf ba a samu biyu masu awo ɗaya ba.

Ta ɗakin baƙi ma ƙin karɓar kuɗinta ka yi, ka ce lintarta ta tsage, a fara kiran birkila ya gyara, ka dawo ka sake awo. Wani da ya sa taga ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Ni masu zamewa na so, don su ake yayi. Ka tuna mini cewa rabinsu kawai ke buɗewa, mai kwana a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu kuwa iska yake nema. Muka sa masu buɗewa waje a ɗakunan kwana, da raga ta ciki. Na gabas, inda hadari ke tasowa, ka sa aka ɗan gangarar da dakalinsu waje don kada ruwa ya kwanta.

Kuɗinku ba araha ba ne, gaskiya, amma farashin da ka rubuta ranar awo shi muka biya. Ranar sawa kowace ta shige raminta, ba a fasa ko bulo ɗaya ba, yaranka suka share wurin kafin su tafi.

Allah ya ƙara wa sana'a albarka, ya sa yaran nan su gaji halinka. Saura ƙofar zaure, in an yi girbin shinkafa za ka ji ni.

Naku,
Wani magidanci daga unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi