Hayaƙin Bola Ma Shara Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani abu da muka saba da shi a Gombe har muka daina ganinsa, wato hayaƙin bola.

Ni tela ne, kuma shagona yana kallon wani juji. Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, matasan unguwa kan fito da shebur da baro su yashe kwata, Allah Ya saka musu da alheri. Sai a jibge baƙar laka da ledojin fiya-wata a bakin titi. In motar shara ta zo, to madalla. In ba ta zo ba, da damina ruwa ne zai mayar da kayan inda aka ciro su, da hunturu kuwa ana bari su sha iska kwana biyu, sai wani ya ƙyasta ashana. Hayaƙin hunturu kuma ba ya tashi sama. Kwanciya yake yi a kan rufin gidaje, ya cakuɗe da hazo tun asuba har hantsi. Na sha ɗinka farar shadda in rataye, mai ita ya zo ya sansana ya ce, "Malam, a bakin murhu ka ajiye min ita ne?" Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci shi ne jikata mai ciwon asma, wadda uwarta ke toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma duk daren da aka cinna wa jujin wuta.

Mu a ganinmu, in an ƙona shara an rabu da ita ke nan. Alhali ɗauke ta kawai muka yi daga ƙasa muka zuba a huhu, har da roba da tsohon batir da taya.

Ba mu ne farau ba. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar, dubban mutane suka mutu. A 1956 majalisar Birtaniya ta yi dokar tsaftace iska, kuma abin da ya burge ni shi ne ba a tsaya ga hani ba, an tallafa wa magidanta da kuɗi su sauya murhunsu. Ruwanda kuwa ta haramta leda tun 2008. Su ma a Kigali Asabar ɗin ƙarshen wata suke fitowa aikin gayya kamar mu, sai dai su sun toshe ƙofar da sharar ke shigowa, mu kuwa muna shara ana zubowa. Kenya ta bi sahu a 2017. Ko a nan gida, Legas ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024.

Doka ba ita muka rasa ba. Tun 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma akwai ƙa'idar 2011 a kan ƙona daji da ƙona shara a fili. Amma ka hana magidanci cinna wa bola wuta ba ka nuna masa inda zai kai ta ba, ai sai ya jira dare. Shi ya sa roƙona na farko ga mahukunta bai wuce mota ba: a ranar da aka yashe kwata, a ranar za a kwashe. Shirin gwamnatin jiha na dasa itatuwa, wato 3G (Gombe Goes Green), da aka fara a 2019 abin yabo ne, ni ma akwai darbejiyata a ƙofar gida, amma bishiya ba za ta shanye hayaƙin roba ba. Sannan a dawo da martabar duba-gari. A kuma riƙa auna iskar gari ana sanar da mu a rediyo, yadda ake karanta farashin hatsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ma'auninta na yawan ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi a cikin iska a 2021, ya kamata mu san inda Bolari da Pantami da Jekadafari suka tsaya a kansa.

Leda dai ita ce uwar matsalar. Bara da Babbar Sallah, da aka feɗe ragon maƙwabcina, dunƙulen leda aka ciro daga tumbinsa, ya kai kan jariri. Muna yara, da kwando ake aiken mu cefane, ƙosai a ganye, tsire a takarda, ba wanda ya ji an ci masa mutunci. Ban ce a hana leda dare ɗaya ba, domin akwai masu cin abinci da ita, kuma ruwan leda ne ruwan shan talaka a yau. A fara da baƙar ledar cefane, a ba 'yan kasuwa wa'adi.

Ni dai na tattara ƙyallayen da a da nake zubarwa a wannan jujin, na ɗinka jakunkuna goma sha biyu, maiɗakina ta raba wa maƙwabta. Jiya ta dawo daga kasuwa tana dariya. Wai mai tumatir sai da ya ƙulle mata shi a leda, sannan ya jefa a cikin jakar.

Naka mai karatu,
wani tela daga Gombe.