Wasiƙa kan aikin sulhu na Fasto James Wuye

Aminina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya kuma baƙunta? Bayan haka, ka ce dattawan ikilisiyarku suna son kafa kwamitin sulhu tsakaninku da maƙwabta Musulmi, kuna neman wanda za ku yi koyi da shi. Ni dai Fasto James Wuye na Kaduna zan nuna maka.

Fasto ne a cocin Assemblies of God. Da ƙuruciyarsa yana cikin jagororin matasan CAN, wato ƙungiyar Kiristocin Najeriya, kuma a rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya bazu har cikin garin Kaduna, ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai Imam Muhammad Ashafa, da aka kashe masa malami da 'yan'uwa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka kafa dandalin da daga baya ya zama Interfaith Mediation Centre, wato cibiyar sasanta mabiya addinai, kuma tun daga lokacin suke kan aikin. Kada ka ɗauka zuciya ta huce dare ɗaya. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa, suna kwana ɗaki ɗaya, alhali tunanin ramuwa bai bar shi ba. Cikin abubuwan da suka fara sassauta shi har da zuwan Ashafa dubiya lokacin da mahaifiyar Wuye take kwance a asibiti.

Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda suke fara aiki. Ba sa tara ɓangarorin biyu a zama na farko. Fasto yakan zauna da Kirista su kaɗai, liman ya zauna da Musulmi su kaɗai, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa: wa aka kashe, gonar wa aka ƙwace, me ake jin tsoro. A nan ne fasto yake buɗe Littafi Mai Tsarki ya tunkari nasa mutanen da maganar gafara da ƙaunar maƙiyi, kuma wannan ya fi magana da baƙo wuya, domin naka ne zai fara ce maka ka sayar da su. Sai an sauke wannan nauyin ake haɗa su, kowane ɓangare ya faɗi abin da yake zargin ɗayan da shi, ya kuma saurari nasa laifin ba tare da katse magana ba. Yarjejeniya a ƙarshe take zuwa. Haka aka bi a Yelwa ta Shendam bayan kashe-kashen 2004, da suka sa aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Filato, har aka kai ga sulhu a 2005.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne gaggawar sa hannu. A watan Agusta 2002 shugabannin addini 22 suka rattaba hannu a sanarwar zaman lafiya ta Kaduna, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, amma a Nuwamba rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke. Takarda ba ta isa lungu ba sai an kai ta. Don haka kada kwamitinku ya zama na manya zalla. Ku nemo jagororin samarin da su ne ke fita idan ƙura ta tashi, ku sa mata, ku sa mai unguwa. Ku haɗa su biyu-biyu, Kirista da Musulmi a kowace unguwa, kowa da lambar wayar ɗan'uwansa, ta yadda idan jita-jita ta taso za su je tare su gani da ido kafin ta kai kasuwa. Ku kuma yi hattara da kuɗin zama: in aka saba da shi, ranar da babu ba mai zuwa. Sau da yawa ma tushen faɗan fili ne ko sarauta ko batun ɗan ƙasa da baƙo, in ba a taɓa shi ba zai sake tsirowa.

Ka sanar da ni yawan unguwannin da kuke son farawa da su, da ko akwai limamin da zai yarda ya tsaya da fastonku a bainar jama'a. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka amini,
daga Kaduna