Neman shawara: yaya za mu rubuta wa yara labarin Tor da Loki da Hausa?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da masu bin wannan fili. Mu malaman firamare ne biyu, muna shirya ɗan littafin ƙagaggen labari na jarumta da yawon duniya don yara 'yan shekara 9 zuwa 12. Tushensa daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na da muka ɗebo shi, wato kakannin mutanen Nowe da Suwidin da Denmak da tsibirin Aislan. Aikin ya yi nisa, amma akwai wuri guda da ya cije mana, kuma ba ma son mu kai shi maɗaba'a sai mun ji ta bakinku.

Bari mu fara da inda labaran suka fito, don shawarar a kansa ta rataya. Mafi yawan abin da ya iso ga mutanen yau ya zo ne ta littattafai biyu da aka rubuta a Aislan: Edda ta zube, wadda Snorri Sturluson ya tsara wajen 1220, da wani tarin waƙoƙi da aka kwafe babban kundinsa wajen 1270. Mutanen tsibirin sun karɓi addinin Kirista tun wajen shekara ta 1000, don haka sa'ad da Snorri ya ɗauki alƙalami an fi shekara 200 da barin tsohon addinin a hukumance. Shi kansa Kirista ne. A gabatarwar littafinsa ya ce Odin, babban abin bauta a tsohon addinin, da jama'arsa mutane ne da suka taso daga yankin Asiya, 'yan arewa suka ga ƙasaitarsu suka girmama su fiye da kima.

Mun zaɓi tafiyar Tor, ƙaƙƙarfan jarumi mai guduma a tatsuniyoyin, zuwa birnin ƙattai mai suna Utgard saboda a cikin ayarin akwai yara biyu, 'ya'yan manomi, Tiyalfi da 'yar'uwarsa Roskuwa. Tor da Loki, abokin tafiyarsa mai wayo, suka yada zango a gidan manomin. Tor ya yanka bunsuru biyu da ke jan kekensa, aka dafa, ya shimfiɗa fatun ya ce kowa ya riƙa jefa ƙashi a kai. Tiyalfi ya tsaga ƙashin cinya da wuƙa don ya sha ɓargo. Kafin gari ya waye Tor ya ɗaga gudumarsa a kan fatun, dabbobin suka miƙe da rai, amma ɗaya na ɗingishi da ƙafar baya. Manomi ya tsorata, ya ba da 'ya'yansa biyu diyya, suka bi Tor. A hanya suka kwana cikin wani babban zaure, da safe suka tarar safar hannun wani ƙato ce, lungun da suka fake a ciki kuwa gurbin babban yatsa ne.

Daɗin labarin yana cikin gasar da aka yi a fadar sarkin Utgard. Loki ya yi gasar ci da wani mai suna Logi, suka haɗu a tsakiyar akushi, amma Logi ya haɗa da ƙashi da akushin ya lamushe. Tiyalfi ya yi tsere sau uku da wani yaro Hugi, a karo na uku bai kai rabin fili ba abokin tseren ya gama. Tor ya kafa kai a ƙahon sha sau uku bai shanye ba, ya kasa ɗaga kyanwa sai ƙafarta ɗaya, wata tsohuwa Elli kuma ta sa ya kai gwiwa ɗaya ƙasa a kokawa. Sai da suka fito bayan ganuwa sarkin ya warware musu: Logi wutar daji ce, Hugi tunani ne, gindin ƙahon yana cikin teku, kyanwar macijin da a tatsuniyoyinsu ya kewaye duniya ne, tsohuwar kuwa tsufa ce. Ginin kacici-kacici ke nan, irin wanda yaranmu suka saba da shi tun daga "ƙulun ƙulufit". Shi ya sa muka bar sunayen ukun yadda suke, ba mu fassara su ba sai a babi na 11. A harshensu sunayen su ne amsar, kuma da mun rubuta "Wuta" ko "Tunani" tun farko, da yaro ya gano bakin zaren kafin a zo wurin.

To, ga inda ya cije. Tor da Odin abin bauta ne a wurin mutanen wancan zamani. Har yau ana tono 'yan ƙananan guduma na azurfa da na ƙarfe da suke ratayawa a wuya. Yaran da za su karanta littafin nan yawancinsu 'ya'yan Musulmi ne, wasu 'ya'yan Kirista, kuma iyaye ne za su saya. Kalmar "alloli" a shafin farko ta isa ta sa uba ya mayar da littafi kan kanta, kuma ba ma ganin laifinsa.

Hanya ta farko da muka gwada ita ce mu bi Snorri, mu kira su jarumai da sarakuna masu sihiri. Ta yi aiki a babi 11 cikin 12. A babin bunsuru ne ta karye, domin abin da ya faru a wurin rayar da matacce ne, kuma ba ma son yaro ya rufe littafi yana ɗauka guduma na iya yin abin da Allah kaɗai ke yi. Mun gwada sassautawa, muka ce ba yanka su aka yi ba, Tiyalfi ne ya hau ɗaya cikin dare ya karya masa ƙafa. Laifin yaron ya tsaya, dalilin tafiyar ma ya tsaya, amma abin al'ajabin da ke sa mai karatu ya buɗe shafi na gaba ya tafi. Akwai kuma batun gaskiya. Yaron da zai je sakandare ya ji cewa sunan ranar Alhamis a Turanci daga sunan Tor ya samo asali, saboda an taɓa bauta masa, zai ga mun ɓoye masa wani abu.

Sai muka koma ga rigar tatsuniya: a buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus". Kowane yaro ya san abin da ke tsakanin waɗannan kalmomi ba gaskiya ba ne, a ciki dabba na magana, matacce na tashi, ba wanda ya taɓa cewa an taɓa aƙida. Abin da ke damunmu shi ne ba wanda ya taɓa yi wa Gizo yanka. Tor kuwa an yi masa. Ko rigar ta isa ta rufe wannan bambanci?

Hanya ta uku ita muka fi karkata gare ta, ko da yake ta fi tsada. A 922 Ahmad ibn Fadlan, wanda ke cikin tawagar da Halifa al-Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya haɗu da fataken Rus, waɗanda ake dangantawa da 'yan arewacin Turai, a bakin kogin Bolga da ke Rasha ta yau, ya rubuta yadda ya ga suna roƙon gumakan katako su ba su ciniki. Cinikin da gaske ne: a 1999 an tono wata taska a tsibirin Gotland na Suwidin mai tsabar kuɗi sama da 14,000, yawancinsu dirhamin ƙasashen Musulmi. Sai muka ƙirƙiri yaro Musulmi, ɗan wani falke, wanda sanyi ya tsare ayarinsu a irin wannan kasuwa, wani tsohon ɗan arewa yana ba shi labarin Tor dare bayan dare ta bakin tafinta. Da haka mai karatu ya san daga farko cewa wannan abin da wasu mutane suka yi imani da shi ne, kuma akwai wanda ke sauraro da irin kunnensa. Illarta biyu ce. Tana cinye babi 2 cikin 12, kuma duk inda yaron ya katse tsoho don ya yi gyara, labarin na yin sanyi. Mun rage katsewar zuwa wuri biyu, bayan babin bunsuru da ƙarshe, muka ƙara bayanin rabin shafi ga iyaye a farkon littafi. Malam, a ganinku wannan ya wadatar? In kuma za mu nuna wa malamin addini kafin bugawa, littafin duka za mu ba shi ko babin da ake shakka kawai?

Akwai wata jaraba da muke ta kauce mata, ta mayar da Loki Gizo. Duka biyun masu wayo ne, masu haɗama, masu jefa abokan tafiya cikin rigima. Amma wayon Gizo a dariya yake ƙarewa, Loki kuwa a gaba shi ne ya yi sanadin mutuwar Baldur, ɗan Odin, da tsinken wani tsiro mai fitowa a jikin bishiya, irin kaucinmu. In muka sa yaro ya so shi kamar Gizo, littafi na biyu zai zo masa da abin da bai shirya masa ba. Ga shi gadar da ke haɗa duniyar mutane da ta su Tor bakan gizo ce, sunan da kansa zai sa yaro ya haɗa su. Mun yanke mu ce "gada mai launi uku", yadda Snorri ya siffanta ta.

Sunaye da dabbobi sun ci mana lokaci. Harshen Aislan yana da baƙaƙen da babu su a Hausa, yana kuma jera baƙi biyu ko uku ba wasali, don haka muka rubuta kowane suna yadda yaro zai iya furtawa, muka tsaya a kan suna 9 a littafin duka. Sarkin Utgard ma Loki ne a ƙarshen sunansa, mun bar shi da sarautarsa kawai don kada Loki ya zama biyu. Ƙattan ba mu kira su Samudawa ba, ko da yake bakin mutane ya saba da hakan, saboda suna ne na mutanen Annabi Salihu. Mai zane kuma mun roƙe shi kada ya sa wa kowa hular ƙarfe mai ƙaho, domin masu zane da masu shirya wasan dandamali na ƙarni na 19 ne suka yaɗa ta.

Roskuwa ita ce sauran matsala. A asalin labarin an ambaci sunanta, ta bi tafiya, amma ba ta yi gasa ko ɗaya ba. Ba za mu miƙa wa 'yan mata littafin da yarinyar cikinsa ke tsaye kawai ba. Mun mai da ita mai lura: ita ta ga akushin ya yi baƙi a gefen Logi, ita ta ji warin gishiri a bakin ƙaho, ta faɗa ba wanda ya saurare ta. Wannan ƙari ne namu, kuma mun faɗi haka a bayanin iyaye. Abin da ba mu warware ba shi ne ba da yaran diyya. Snorri ya ce sun zama barorin Tor har abada. Mu bar shi haka mu bari malami ya tattauna da 'yan aji, ko mu ce aikin shekara guda za su yi su koma gida? Na biyun ya fi sauƙi ga ɗan shekara 9, amma ƙari ne a kan ƙari, kuma muna tsoron a wayi gari sunayen kawai suka rage na mutanen.

Tsarin bugun shi ne babi 12, kowanne kalma 800 zuwa 900, wanda malami zai iya karantawa a aji cikin minti 10, da zane ɗaya baƙi da fari a kowane babi, a shafi 64. In kun ga hanya ta uku ce daidai, sai mun ƙara zuwa shafi 80 don kada mu matse gasar Utgard, kuma kuɗin kowane kwafi zai ƙaru. Shi ya sa muke son jin ra'ayinku kafin mu ba mai zane aikin babi na 1 da na 12.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naku,
Malaman firamare biyu, daga Zariya